Ƙurajen Da Muka Rasa Sunansu

Yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya ɗauki wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya kai kowannenmu inda bai yi niyya ba. Wasu sun koyi ɗinki, wasu sun rungumi noma, wasu ma aure suka yi. Ni kuwa Inugu ya jefa ni, wurin kawuna mai sayar da awaki da tumaki a Kasuwar Artisan. Na tafi da niyyar yin sati uku, sai ga shi na cinye kusan dukkan yajin aikin a can ina riƙe masa littafin lissafi. A wannan zama ne na ga wani abu da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya, na kuma ga ya dace in kawo shi gaban 'yan uwana ɗaliban harshe, domin kuwa ko da yake maganar ciwo ce, a nawa ganin rabinta aikinmu ne.

Kawu yana da ɗan auta, a lokacin shekararsa biyar. Wata rana mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, tana yi masa wanka sai ta ga wasu 'yan ƙuraje guda bakwai a ƙarƙashin hammatarsa da gefen haƙarƙari. Girman kowanne bai wuce ƙwayar dawa ba, launinsu launin fata, suna ɗan sheƙi, kuma in ka dube su da kyau sai ka ga tsakiyar kowanne ta ɗan lotsa kamar cibiya. Yaro dai lafiyarsa ƙalau, ba zazzaɓi, ba kuka, yana cin tuwonsa yana bin 'yan awaki da gudu. Bayan wata guda sai bakwai suka zama ashirin da wani abu.

To, daga nan fa sai kowa ya zama likita. Inna ta ce ƙurajen zafi ne, tunda garin akwai gumi. Wata maƙwabciyarmu Bakatsiniya ta ce ƙarambau ce ta noƙe ta ƙi fitowa duka. Malamin makarantar allo ya ce ƙazuwa ce, a bar yaro a gida kada ya shafa wa sauran ɗalibai. Mai shayin bakin kasuwa ya ce ai daga awaki ya ɗauka. Wanzamin da ke yi wa su kawu aski ya ce mugun jini ne ke neman hanyar fita. Mai karatu, ka ƙirga ka gani, mutum biyar, suna biyar, kuma kowane suna da maganin da yake janyowa. Amma wanda ya hana kawu barci shi ne suna na shida, wanda ya fito daga bakin matar mai gidan da suke haya, 'yar ƙabilar Ibo, ranar da ta ga yaron ba riga a tsakar gida. Ta janye 'ya'yanta, ta ce ƙyandar biri ce.

Ban ga laifin wannan baiwar Allah ba, don wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A watan Satumba na 2017 ƙyandar biri ta sake ɓulla a Nijeriya, a Jihar Bayelsa, bayan an yi kusan shekara arba'in ba a ji ɗuriyarta ba. A watan Oktoba na wannan shekarar aka baza jita-jita a jihohin Anambra da Imo da Inugu cewa wai sojoji na bin makarantu suna yi wa yara allurar cutar, iyaye suka yi ta tururuwa suna kwashe 'ya'yansu daga aji. Ƙarya ce tsagwaronta, amma tsoron ya zauna a zukata. Ga shi kuma tun daga watan Mayun 2022 rediyo ba ta da labari sai na ƙyandar biri da ta bazu a Ingila da sauran ƙasashen Turai, har ta kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin matsalar gaggawa ta duniya ranar 23 ga Yuli.

Sai dai ka duba halin da kawu yake ciki. Baƙo ne a garin mutane, duk da cewa Hausawa da Fulani sun daɗe a Inugu, har ma wanda ya fara riƙe muƙamin magajin garin a shekarun 1950, Malam Umaru Altine, ɗan ƙasar Sakkwato ne. Sana'ar kawu dabbobi ce, kuma saura 'yan makonni Babbar Salla, ya sauke raguna da kuɗin mutane. Idan magana ta fita cewa ɗan mai awaki yana da ƙyandar biri, wa zai tsaya a rumfarsa? Ba ma shi kaɗai ba, duk layin sai ta shafa. Saboda haka hankalinsa ya koma kan yadda ƙurajen za su ɓace cikin gaggawa, ta kowace hanya.

Aka fara da kemis. Mai kemis bai ko ɗaga rigar yaron ba, ya miƙo wani man shafawa irin wanda ake cewa yana maganin komai, da kafso na kwana biyar. Aka shafa, aka sha, ƙuraje suka ce ba su san zancen ba. Sai aka kira wanzami. Ina tsaye aka danne yaron nan yana tsala ihu, aka kankare guda uku da aska, aka matse wani farin abu mai kama da cuku daga ciki, aka shafa wani gari. Bayan 'yan makonni sai ga sababbin ƙuraje sun jeru reras a kan layin da askar ta bi, ɗaya daga cikin wuraren da aka yanka kuma ya kumbura ya tara mugunya. Garin neman gira muka kusa rasa ido. Wannan kumburin ne ya sa muka nufi asibiti, inda ya kamata a ce mun fara zuwa.

Likitar da muka samu ba ta yi minti biyu tana dubawa ba. Ta tambaya ko ya yi zazzaɓi, aka ce a'a. Ta lalubi wuyansa da hammatarsa ko akwai kaluluwa, ba ta samu ba. Ta ce wannan ba ƙyandar biri ba ce, sunansa molaskam kwantajiyosum, kuma in an ƙyale shi zai tafi da kansa. Ta ba da maganin wurin da ya yi mugunya, ta ce a daina shafa man nan, kada kuma a sake bari ƙarfe ya taɓa yaron. Kawu ya juyo ya dube ni.

“Kai ne mai karatun Hausa a jami'a. Me ake ce masa da Hausa?”

Na ce, “Kawu, ƙuraje ne dai.”

Ya ce, “Wannan ai ko Innarku ta sani. Da wane baki zan je in gaya wa matar mai gida?”

Na yi tsit. Kafin mu hau Keke Napep ma sunan ya riga ya narke a bakin Inna ya koma “mulaskan”, kafin mu isa gida ya ɓace gaba ɗaya.

Wannan kunya ce ta sa na zauna na karanta abin da masana suka tabbatar game da cutar, ga shi kuma a taƙaice. Ƙwayar cuta ce ta bairas ke kawo ta, kuma abin mamaki 'yar dangin agana ce da ƙyandar biri, sai dai ita a cikin dangin nan ba ta da faɗa. A saman fata kawai take zama, ba ta shiga jini, ba ta kawo zazzaɓi. Mutum kaɗai take kamawa, don haka maganar mai shayi ba ta da tushe. Gaskiya ne akwai wata 'yar dangin nasu da ke fitowa a bakin awaki da tumaki, wadda makiyayi ko mahauci kan ɗauka, amma ita a yatsa ko bayan hannu take fitowa, yawanci ƙurji ɗaya babba, ba ta kama da abin da ke jikin yaronmu. Ƙurajen molaskam girmansu milimita 2 zuwa 5 ne, sun fi kama yara daga shekara 1 zuwa 10, musamman a ƙasashe masu zafi da laima da wuraren da ake zaman cunkoso. Wanda ya san gidajen haya na Inugu da Anacha da Fatakwal, inda iyali goma ke bin layin banɗaki ɗaya, yara huɗu ke kwana a tabarma ɗaya, ya san an yi wa wannan cuta shimfiɗa. An ƙiyasta cewa a shekarar 2010 mutum wajen miliyan 122 ne ke ɗauke da ita a duniya.

Ƙwayar tana cikin farin abin nan da wanzami ya matso. Ta nan take yaɗuwa, ko ta gugar fata da fata wurin wasa da kokawa, ko ta soso da tawul da riga, ko yaro ya sosa nan ya taɓa can. Daga ranar da aka ɗauka zuwa ranar da za ta bayyana akan yi sati 2 zuwa 7, wani lokaci har wata 6, shi ya sa neman wanda ya shafa wa wani ɓata lokaci ne da ɓata zumunci. Yawanci takan tafi cikin wata 6 zuwa 12, wasu yaran kuma ta daɗe musu har shekara biyu ko fiye. Idan ta tafi, ta tafi ke nan, ba ta ɓuya a jiki, ko da yake ana iya sake ɗauka daga wani. Akwai ma wani abu da ya kamata iyaye su sani, dab da ƙurji zai mutu yakan yi ja ya ɗan kumbura, alamar garkuwar jiki ta farga ta kama aiki ke nan, amma a daidai lokacin ne hankali ke tashi a ruga neman aska.

Kafson da muka saya kuwa asarar kuɗi ce, domin bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairas. Shi kuma man shafawar nan mai maganin komai, irinsa yakan ƙunshi sinadari mai ƙarfi da ke kwantar da garkuwar fata, sai ka ga an buɗe wa cutar ƙofa da hannu. Ba wai babu magani sam ba ne. Likitan fata yana iya daskarar da ƙurajen da wani ruwa mai tsananin sanyi, ko ya cire su da kayan aiki masu tsabta, ko ya ɗiga musu wani sinadari da asalinsa daga ƙwaro ne dangin hangara, mai sa fata ta yi bororo. A watan Yulin 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan maganin ga yara daga shekara 2, a Janairun 2024 kuma ta amince da wani na shafawa a gida. Duk da haka, ga yaro mai ƙoshin lafiya, shawarar da likitoci suka fi bayarwa ita ce a jira, a yanke masa farce, a ware masa sosonsa da tawul ɗinsa, a sa masa riga mai rufe wurin, a daina haɗa shi da 'yan uwansa a baho ɗaya. Ba a hana shi zuwa makaranta. Yaronmu sai da ya yi wata biyu a gida a banza, sa'o'insa suka wuce shi a allo.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk ƙurjin da aka gani a naɗe hannu. Ko kusa. Idan akwai zazzaɓi ko kaluluwa ko raɗaɗi, idan ƙurji ya fito a fatar ido ko a al'aura, idan ya tara mugunya yana faɗaɗa, ko suka fito da yawa manya-manya a fuska, wanda kan nuna garkuwar jiki ta yi rauni, kamar ga mai ɗauke da cutar ƙanjamau, to asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan ma, idon ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya fara tabbatar da ko mene ne. Ƙazuwa, alal misali, wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa fata, tana hana barci da ƙaiƙayin dare, kuma ita ba ta tafiya sai da magani. Wanda ya kira ƙazuwa da sunan molaskam ya zauna jira, ya cuci gidansa kamar yadda muka cuci yaronmu da muka yi akasin haka.

To, a nan ne nake ganin maganar ta dawo kanmu. Bahaushe gwani ne wajen raɗa wa cuta suna, kuma sunan nan yakan zo da umarni a cikinsa. Sanƙarau ta gaya maka ka dubi wuya. Amai da gudawa ba ta bar komai a ɓoye ba. Hawan jini da ciwon sukari sababbi ne, amma sun zauna daram kamar da su aka haifi harshen. Agana, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta an kawar da ita daga doron ƙasa a 1980, tsoronta ya sa kakanninmu suka riƙa sakaya ta da “ado” da “'yar rani”, ƙyanda kuma aka ce mata “baƙon dauro”. Suna yana iya ɓatar da mutane ma. Ka dubi “shan inna”, sunan da ya jingina cutar ga iska, ka tuna irin wahalar da masu allurar rigakafi suka sha kafin a yarda ƙwayar cuta ce. Ka kwatanta shi da “zazzaɓin cizon sauro”, wanda duk wanda ya furta shi ya riga ya san amfanin gidan sauro. Cutar da ba ta da tsayayyen suna a bakin jama'a kuwa, sai ta ari sunan wata, ta ari tsoronta, ta ari maganinta. Abin da ya faru da mu a Artisan ke nan.

Na san wani zai ce ai sai mu ari na Turawan, kamar yadda muka ari taifot da maleriya. Ba ni da ja a kan aro, harshen da ba ya aro ya mutu. Amma taifot gaɓa biyu ce, kullum kuma ana jin ta, shi kuwa molaskam kwantajiyosum gaɓa takwas ne, na kuma ga yadda ya ƙare a bakin Inna. Bayan haka, su ma masu sunan siffanta cutar suka yi. Wani likitan Ingila mai suna Thomas Bateman ne ya raɗa shi a farkon ƙarni na 19 daga kalmomin Latin, ma'anarsa kuwa ba ta wuce “mai taushi mai yaɗuwa” ba. Idan shi ya dubi ƙurji ya faɗi abin da idonsa ya gani, me zai hana mu?

Na yi ta juya abin a raina. Da farko na ce “ƙurajen cibiya”, sai na ga za a ɗauka ciwon cibiyar jariri ake nufi. Na ce “ƙurajen sanyi” tunda ba sa zuwa da zazzaɓi, sai na tuna abin da “ciwon sanyi” ke nufi a bakin mutane, na yi maza na janye. Ashe wadda ba ta taɓa shiga ajin ilimin kalmomi ba ita za ta fi ni. Bayan an kwana biyu hankali ya kwanta, sai na ji Inna tana ce wa maƙwabciyarta, “Baƙon nan mai cibiya har yanzu bai tafi ba.” Na ce a raina, ga shi nan. “Baƙo mai cibiya.” Ya hau kan tsarin da muka gada a “baƙon dauro”, cibiya ta ba da siffa, baƙo kuma ya ba da hali, tunda Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Uwar da ta ji wannan suna ta san abin da za ta duba, ta kuma san mai tafiya ne.

Sunan yana da rauninsa, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini. Ƙurajen ƙyandar biri ma sukan lotsa a tsakiya. Bambancin shi ne ita takan zo da zazzaɓi da kaluluwa da raɗaɗi, ƙurajenta suna sauya kama cikin kwanaki, su yi ruwa, su yi mugunya, su bushe cikin sati 2 zuwa 4, alhali baƙonmu sai ya yi watanni yana zaune yadda yake. Don haka duk inda za a kai sunan, a rediyo ne ko a takardar asibiti, sai an haɗa shi da wannan bayani. Kuma ban ce lallai sai nawa ko na Inna ba. Kafin a ƙirƙiri sabo, hanyar da magabata suka bi ita ce a fita a tambaya. Haka Bargery ya tattara kalmomin garuruwa daban-daban a ƙamusunsa na 1934, haka kuma masu Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 suka ɗora. Muna da ɗalibai daga Sakkwato da Katsina da Zazzau da Haɗeja da Maraɗi, kowa yana da kaka, kowace unguwa tana da ungozoma da wanzami. A nuna musu hoton ƙurajen a ji abin da za su ce. Kowace shekara muna rubuta kundin kammala digiri a kan jigo da salo, har wasu batutuwan sun gaji da mu. Ɗalibi ɗaya da zai ɗauki sunayen cututtukan fata na yara, ya zauna da likitan fata su tantance wane suna ne na wace cuta, ya yi aikin da ma'aikatan lafiya za su ɗauka su yi amfani da shi gobe.

Hausawan da ke zaune a kudu su suka fi kowa buƙatar wannan aiki. A Kano ko Katsina, uwa za ta iya samun nas Bahaushiya ta yi mata bayani dalla-dalla. A Inugu kuwa bayanin likita sai ya bi ta Turanci, ya ratsa ta Turancin kasuwa, kafin ya iso kunnen Inna rabinsa ya zube a hanya. Ita ma matar mai gida ba ta saki jiki ba sai da na kai mata takardar da likita ta rubuta sunan da hannunta, ta nuna wa wata 'yar uwarta ma'aikaciyar jinya, sannan ta bar 'ya'yanta suka koma wasa da namu.

Na baro Inugu a watan Oktoba da aka janye yajin aiki, a lokacin saura ƙuraje tara a jikin yaron. A watan Fabrairun 2023 kawu ya kira ni a waya ya ce baƙo ya tafi. Da na koma hutu na ɗaga rigar yaron na duba, duk waɗanda aka ƙyale sun ɓace ba ko alama, tabo uku ne kawai suka rage a gefen haƙarƙarinsa, a daidai inda aska ta bi.